Baƙon Sama a Zangon Legas: Nazarin Silver Surfer da Matsayinsa a Darasin Hausa

1.0 Gabatarwa

A wani zagaye da na yi na makarantun da 'ya'yan Hausawa ke halarta a Agege da Ojota da Mile 12 cikin Legas, domin duba yadda manhajar Hausa ta ƙaramar sakandare ke aiki a wajen ƙasar Hausa, na ci karo da abin da ba shi na je nema ba. A gindin katangar wata makaranta da ba ta da nisa da tashar motar Ojota, na tarar da yara huɗu sun haɗa kai a kan wata tsohuwar mujallar zane mai yagaggen bango, irin waɗanda masu littattafan gwanjo kan baje a bakin titi. Babbansu yana karanta Turancin yana juya wa sauran, rabi da Hausa, rabi da buroka, da ɗan Yarbanci a inda abin ya ƙi. Yaran nan dai su ne malaminsu ya gama shaida mini cewa ba sa iya zaman minti goma a kan littafin karatu.

Mujallar tana ɗauke da labarin Silver Surfer, wani jarumi mai jikin azurfa wanda ke keta sararin samaniya a tsaye bisa katako. Wannan maƙala za ta dubi jerin labaran wannan jarumi, musamman na 1968 zuwa 1970, da ma'aunin da muke auna kowane ƙagaggen labari, wato jigo da zubi da salo. Daga nan za a auna shi da abin da adabin Hausa ya riga ya mallaka a wannan fage, domin a ga ko yana da wurin zama a ajin Hausa, da kuma irin wurin.

Kafin a shiga, akwai batun suna. An saba kiran irin waɗannan littattafai "zanen barkwanci", amma sunan bai dace da wannan ba, don kuwa da ƙyar mai karatu zai sami abin dariya a cikinsa. Saboda haka a nan za a riƙa cewa "labarin zane".

2.0 Asalin Jarumin da Zubin Labarinsa

Silver Surfer ya fara bayyana ne a 1966, a fitowa ta 48 ta mujallar Fantastic Four ta kamfanin Marvel da ke Amurka. Mai zane Jack Kirby ne ya ƙirƙire shi, ba tare da marubuci Stan Lee ya sa shi cikin tsarin labarin ba. A farko ɗan aike ne kawai, mai share fage ga Galactus, wani ƙaton halitta da ke rayuwa ta hanyar shanye ƙarfin duniyoyi. Aikinsa shi ne ya nemo wa ubangidansa duniyar da zai ci. Da ya iso tamu duniyar sai ya haɗu da wata makauniya mai sassaƙa, Alicia Masters, wadda ta sa ya gane darajar ɗan'adam. Ya bijire wa ubangidansa, shi kuwa ya hukunta shi da wani shinge da ba a gani, wanda ya hana shi fita daga duniya.

A 1968 aka ba shi mujallarsa ta kansa, Lee na rubutawa, John Buscema na zanawa. Fitowa ta farko ta ba da tarihinsa: sunansa Norrin Radd, mutumin duniyar Zenn-La, inda ci gaban kimiyya ya kai mutane ga zaman kashe wando da mutuwar zuciya. Da Galactus ya zo cinye Zenn-La, Norrin ya miƙa kansa ga bauta domin a bar mutanensa da masoyiyarsa Shalla-Bal. Jerin ya tsaya a fitowa ta 18 a 1970. Daga cikin dalilan da suka hana shi kasuwa har da tsada, domin fitowa bakwai na farko manya ne da ake sayarwa santi 25, alhali sauran mujallu na santi 12. Sai a sabon jerin da Steve Englehart ya fara a 1987 ne jarumin ya kuɓuta daga shingen ya koma yawon taurari. Yaran yau kuwa galibi ta fim suka san shi, na 2007 da na 2025, kodayake a na biyun Shalla-Bal ce aka ba jikin azurfar.

Zubin kowace fitowa kusan iri ɗaya ne. Jarumin ya kai wa shingen hari ya faɗo. Ya yi nufin taimakon mutane. Mutane su tsorata da kamanninsa su jefe shi ko su kira masa soja. Wani mugu ya bayyana. Ya ceci mutanen da suka kore shi. Ya koma kan wani tsauni yana kukan zuci. Maimaicin nan aibi ne idan aka karanta jerin a dunƙule, amma ga malami yana da amfani, domin ɗalibi kan gane ƙashin bayan labari da wuri, kamar yadda yake gane na tatsuniyar Gizo.

3.0 Jigo: Baƙunci

Wanda ya dubi bangon mujallar zai zaci jigonta kimiyya ne ko jarumta. Kimiyyar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. Mutum na magana a inda babu iska, yana ratsa tazarar taurari kamar mai tsallaka kwalbati. Malamin da ya ɗauko ta domin koyar da ilimin sararin samaniya ya yi ɓatan kai. Babban jigon shi ne baƙunci: halin wanda ya baro gida saboda wata larura, ya kasa komawa, kuma inda ya sauka ba a karɓe shi ba. Wannan jigo ya daɗe a irin waɗannan labarai. Superman, wanda ya fito a 1938, shi ma ɗan gudun hijira ne daga duniyar da ta tarwatse, kuma Jerry Siegel da Joe Shuster da suka ƙirƙire shi 'ya'yan Yahudawa ne 'yan ci-rani. Bambancin shi ne Superman ya saje, ya sami iyayen riƙo da aikin jarida, Silver Surfer kuwa bai taɓa samun ko ɗakin haya ba.

A nan ne labarin ya taɓa yaron Agege. Hausawa sun kafu a Agege tun zamanin da cinikin goro da layin dogo suka haɗa Ikko da Kano a farkon ƙarni na ashirin, har unguwar ta sami zangonta da Sarkin Hausawanta. Daga baya mayankar Oko-Oba da kasuwar kayan gwari ta Mile 12 suka ƙara jawo jama'a. Akwai gidajen da kaka da uba da jika duk a nan aka haife su. Masu iya magana kan ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, to amma yaron da aka yanke wa cibiya a Agege ba raɓa ba ne, ba shi da inda zai koma idan hantsi ya ɗaga. Duk da haka a Legas ana kiransa ɗan Arewa, idan kuma aka kai shi Kano ko Katsina hutu, 'yan'uwansa su yi ta dariyar Hausarsa suna ce masa ɗan Ikko. Iyayensa sun ga rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 da na Mile 12 na 2016, sun san yadda maƙwabtaka ta shekara talatin kan iya rikiɗewa cikin dare ɗaya. Irin wannan yaro ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan mutumin da ke tsaye tsakanin sama da ƙasa.

Mafi kyawun fitowa a jerin, a ganina, ita ce ta biyar, ta 1969. A cikinta jarumin ya faɗo daga sama bayan ya sake gwabzawa da shingen, sai wani masanin kimiyya baƙar fata mai suna Al Harper ya tsince shi ya yi jinyarsa. Dalilin Harper shi ne shi ma ya san ɗacin wulaƙanci. Ya ɗauki alkawarin ƙera masa na'urar da za ta fitar da shi, amma aikin na bukatar kuɗi, don haka gwarzon da ke iya narkar da dutse ya sa kwat da hula ya shiga gari neman aiki, aka yi ta sallamarsa. A ƙarshe wani mugu daga sama ya dasa bam da zai hallaka kowa, Harper ya kwance shi ya rasa ransa, ba tare da mutanen da ya ceta sun san sunansa ba. Jarumin ya binne shi, ya kunna wa kabarinsa wutar da ba ta mutuwa. An rubuta wannan ne shekara guda bayan kisan Martin Luther King, kuma inuwar wannan zamani tana kan kowane shafi. Abin lura ga mai nazari shi ne a nan ba mai jikin azurfa ne tauraron labarin ba. Mutum ne mai jini da tsoka, wanda ba shi da wani ƙarfi sai na zuciya. Abin mamaki kuma, sunan mugun da ya dasa bam ɗin, idan aka juya shi zuwa Hausa, shi ne "Baƙo". Ke nan a labari guda an kawo baƙo mai ceto da baƙo mai hallakarwa, an bar mai karatu ya bambance. Darasi guda cikakke na nazarin jigo yana nan a kwance.

4.0 Inda Labarin ya Gaza

Sai dai wajibi ne a faɗi aibinsa, kuma aibin yana cikin jigon da aka yaba. Baƙon Lee ba ya koyon komai daga masu masaukinsa. Ba ya cin abincinsu, ba ya zama a majalisarsu, ba ya ciniki da kowa. Daga sama yake kallonsu yana kiransu mahaukata masu son yaƙi, yana jinjina wa tsarkin zuciyarsa. Shafi bayan shafi yana wa'azi, har zancen kan cinye rabin zanen. Buscema ya iya zana baƙin ciki a kafaɗa da tafin hannu, ta yadda sau da yawa hoton ya riga ya gama magana kafin marubucin ya fara tasa.

Wannan hali ba ƙaramin haɗari ba ne ga yaron zango. Idan darasin da ya ɗauka shi ne baƙo kullum mai gaskiya ne, ɗan gari kuma kullum azzalumi, to mun ƙara masa shinge a kan wanda yake da shi. Tarihin unguwarsa ma ya ƙaryata hakan. Zangon Agege bai rayu da kukan zuci ba. Ya rayu ne da amanar da ke tsakanin manomin goro Bayarabe da fatake, da auratayya, da dillalin da ke jin harshe uku. Malamin da zai kawo wannan labari aji, lalle ne ya tambayi ɗalibai abin da jarumin ya kasa yi wanda kakanninsu suka yi.

Abu na biyu shi ne aƙida. An zana Galactus da siffofin da suka kusanci na abin bauta, kuma tun daga fitowa ta uku aka shigo da Mephisto, wanda Shaiɗan ne a komai in ban da suna, yana farautar ran jarumin. Shi kansa jarumin an gina shi bisa siffar mai ceto da ke shan wuya domin zunubin wasu, wadda ta fito daga tunanin Kirista. Yawancin ɗalibanmu a waɗannan unguwanni daga boko Islamiyya suke wucewa, kuma akwai iyayen da ko zanen mai rai ba su yarda da shi ba, balle shigar matan da ke cikin wasu shafuka. Ban ga hikimar a sa irin wannan a jerin littattafan dole ba. Ko fassarar abin hawansa tana da tarko. Kalmar da ke fara zuwa bakin mai fassara ita ce "allo", amma ga ɗan Bahaushe allo abin rubuta Alƙur'ani ne, ba a taka shi da ƙafa. "Katako" ya fi aminci. Shi kuwa wasan hawan igiyar ruwa da sunan jarumin ya samo asali daga gare shi, ɗan Legas na iya ganinsa a gaɓar Tarkwa Bay, abin da ɗan Gusau sai dai a ba shi labari. Da za a bi shawarata, da an kira jarumin Ɗan Azurfa an huta.

5.0 Abin da ke Cikin Rumbunmu

Abin takaici shi ne muna da namu, amma a makarantun da na ziyarta ban ga kwafi ko ɗaya ba. A 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, kuma shekarar da labarin Al Harper ya fito, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labari ne na wani yaro, Kilba, wanda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka ya yi yawon sararin samaniya da shi. Idan aka jera littattafan biyu, bambancin da ya fi fitowa shi ne inda ido ke kallo. A wajen Lee, na sama ne ya sauko yana yi wa ɗan'adam hukunci. A wajen Dembo, ɗan ƙasa ne ya hau, mai karatu na ganin abin al'ajabi ta idon yaro irinsa, kuma baƙon abokin tafiya ne. Na farko yana koyar da tausayin baƙo, na biyu yana koyar da sha'awar sani. Ɗalibin Agege yana bukatar duka biyun, amma na biyun ne ya zo masa da harshensa.

Dembo ma ba daga sama ya faɗo ba. Tun gasar rubutu ta 1933 Bello Kagara ya kai Ganɗoki ƙasashen aljannu, Ahmadu Ingawa kuma a Iliya Ɗan Maiƙarfi ya ɗauko gwarzon almarar Rasha ya naɗa masa rawani, har yaro ba ya zaton baƙo ne. Wato mayar da jarumin wata ƙasa ɗan gida sana'a ce da marubutan Hausa suka daɗe da ƙwarewa a kai. Haka kuma harshen bai rasa kalmomin sama ba. Akwai Zara matar wata, da Gamzaki, da Kaza da 'Ya'yanta, ga kuma masaukan wata 28 da malaman hisabi ke lissafa damina da su. Na tambayi wani aji a Agege ko wa ya taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta, aka yi tsit, sannan wani ya ce a kasuwa. Ban ga laifinsa ba. Hasken lantarki da hayaƙin Legas sun daɗe da shafe taurari.

Ta fuskar zane kuwa, Nijeriya ba baƙuwa ba ce. A 1975 aka fara buga Powerman domin kasuwar Nijeriya, wanda Turawan Ingila Dave Gibbons da Brian Bolland suka zana, har aka sa wa kowane gidan zane lamba bisa zaton mai karatu ba zai san inda zai bi ba. Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976. A Legas ɗin nan aka fara bikin Lagos Comic Con a 2012, Jide Martin kuma ya kafa Comic Republic a 2013. Masu zane suna nan birjik, tafiyar mota ɗaya daga Ojota. Haɗa su da marubutan Hausa ne ba a yi ba.

6.0 Amfaninsa a Aji

Matsayin ɗalibin Legas a manhajarmu yana da wuyar sha'ani. Manufar ilimi ta ƙasa tun daga 1977 ta tanadi harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare, amma harshen muhalli a Legas Yarbanci ne, kuma dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da shi. Manufar harshe ta 2022, wadda ta faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa shekara shida, gwamnatin tarayya ta sanar da soke ta a watan Nuwamba na 2025. Saboda haka abin da ya rage wa Hausa shi ne 'yan sa'o'inta na darasi, a inda aka sami malami. Manhajar masu Hausa a matsayin harshen uwa ta ɗauka yaro ya san gayya da kalankuwa. Ta masu koyonta a matsayin harshe na biyu kuwa tana fara shi daga gaisuwa, abin da ya wuce tun yana goye. Yaron Agege yana jin Hausa sarai, rubuta ta ne bai iya ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya iya ba.

Labarin zane yana ba shi dalili. Abin da na ga yaran Ojota na yi da baki, shi ne ya kamata a mayar aikin alƙalami. Malami ya zaɓi shafi biyu ko uku marasa abin zargi, misali inda Harper ke jinyar baƙonsa, ya rufe Turancin da farar takarda, ya sa ɗalibai su cike da Hausa. Cikin wannan ɗan aiki akwai nahawu mai yawa. Bayanin da ke saman kowane gida yana tafiya ne da shuɗaɗɗen lokaci na biyu, "sai ya faɗo", "suka taru", maganar da ke fitowa daga bakin mutane kuwa tana neman lokaci mai ci da umarni da tambaya. Ƙarancin wuri yana tilasta wa ɗalibi ya taƙaita, wanda shi ne maganin surutun Lee, kuma a nan ne ake kama masu haɗe "ya na" da "yana" ko masu mance ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ.

Inda Hausa ta fi Turanci sakewa shi ne amsa-kama. Masu zanen Amurka ƙirƙirar kalmomin ƙara suke yi, mu kuwa muna da su a ajiye: ya tashi fir, ya wuce fyu, ya faɗi tim, ya kama wuf, ƙofa ta rufu garam, gari ya yi tsit. Amsa-kama darasi ne da ɗalibai kan haddace ba tare da sun ji daɗinsa ba, amma a labarin zane shi ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a tsakiyar shafi. Haka nan dogayen jawaban jarumin, maimakon a fassara su kalma da kalma, ana iya neman ɗalibi ya mayar da ɗaya kirari, ya ga yadda Bahaushe ke faɗin girman kansa a layi huɗu.

Mataki na gaba ya fi ƙarfin malami shi kaɗai. Ina ba wa sashen tsara manhaja shawarar ya nemi izinin masu haƙƙin Tauraruwa Mai Wutsiya domin a mayar da shi labarin zane, a gwada shi a aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare a Agege da Ojota da Idi-Araba, tare da wasu makarantu a Kano domin kwatanci. Neman izinin fassara daga Marvel abu ne mai tsada da ba lalle ya biya bukata ba. Shafi 32 baƙi da fari sun isa gwajin farko, kuma a bar shafi huɗu na ƙarshe da zane kawai babu rubutu, domin ɗalibai su rubuta abin da Kilba zai gaya wa Kolin Koliyo da a ce a tashar Ojota suka sauka.